Tsintacciyar Mage

"Tsintacciyar mage ba ta mage." Abin da maigidana ya faɗa ke nan ranar da ya dawo daga aiki ya tarar da kwando a tsakiyar falo, wani ɗan hannu mai ratsin fari da baƙi yana leƙowa ta tsakanin wayoyi yana neman abin cafka. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya cire takalmi ya shige ciki. Ni da 'yata muka dubi juna muka ƙunshe dariya, don mun san halinsa: in da gaske ba ya so, cewa zai yi a mayar da ita tun kafin ya zauna.

Gidanmu dama ba a rasa ƙafafu huɗu ba. Akwai Toka, kyanwata mai shekara 11, wadda ta zo hannuna tun 'yata tana tatata. Akwai Barde, ƙaton kare mai shekara 6 da ke kwana a baranda, wanda muryarsa ke firgita baƙo amma ƙarar aradu ke sa shi ɓuya bayan tankin ruwa. Sai aku guda, mai bakin tsiya. Kowa ya san wurinsa da lokacinsa, shekaru muna zaune lafiya.

'Yata ce ta matsa mini muka je wata cibiya da ke tattara dabbobin da aka yasar ko aka tsinta. Wai kallo kawai za mu yi. Muna bin kejin ɗaya bayan ɗaya sai na ji an riƙe igiyar jakata. Ina juyawa na ga 'yar mage ta kwanta rigingine, ta zuro hannu biyu ta cafke igiyar tana dukanta da ƙafafun baya kamar ta kama abokin gaba. Ma'aikaciyar wurin ta ce a cikin injin mota aka ciro ta tana da kamar wata 2, duk jikinta baƙin mai da ƙuma. A lokacin ta kai wata 5. An yi mata allurar rigakafi, an ba ta maganin tsutsar ciki, an gwada jininta don cututtuka biyu da maguna ke shafa wa juna, FIV da FeLV, ba ta da ko ɗaya, an kuma yi mata aikin hana haihuwa. Kafin mu isa gida 'yata ta raɗa mata suna Walƙiya.

Matar nan ta yi mini bayani, ba zan ɗora mata laifi ba. Ta ce in ware wa baƙuwar ɗaki guda da abincinta da ruwanta da akwatin yashinta, ƙofa a rufe, aƙalla mako 2. Ta ce kada su ga juna sai sun saba da warin juna. Ta tambaye ni shekarun kyanwar gida, da na ce 11 sai ta ɗan yi jim, ta ce, "Anti, to ita za ku fi sa wa ido." Na gyaɗa kai, amma gaskiya maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Ni duk fargabata tana kan Barde. Kan Walƙiya gaba ɗaya bai kai tafin ƙafarsa ba.

Kwana 4 na iya daurewa. Walƙiya tana kuka a bayan ƙofa, tana zuro hannu ta ƙasa, 'yata tana bina da "Umma, don Allah, tausayi take ba ni." Rana ta biyar na sa maigida ya riƙe Barde da igiya, na fito da ita baranda. Barde ya hau kaɗa jela da ƙarfi, wanda a wurin kare gayyata ce ta wasa. A wurin mage kuwa kaɗa jela haka alamar rai ya ɓaci ne, don haka Walƙiya ta gantsare baya, gashinta ya miƙe, ta zama kamar ninki biyu na girmanta. Ya miƙo hanci zai sansana, ta ɗauke shi da mari, tas! Ƙaton nan ya ja da baya, ya zauna, ya dubi maigida kamar mai kai ƙara. Bayan kwana 3 na tarar da ita tana kokawa da jelarsa, shi kuma ya ɗora haɓa a ƙasa yana ajiyar zuciya.

Daga nan na ce shi ke nan, an wuce wurin. Na buɗe duk ƙofofin gida.

Haɗuwarsu da Toka ba ta ɗauki minti ɗaya ba. Walƙiya ta taho da gudu a karkace, irin tsallen gefe da 'yan maguna ke yi in suna neman wasa. Toka ta kwantar da kunnuwa, ta yi huci sau ɗaya irin na maciji, ta juya ta bar falon. Babu yakushi, babu jini. Har na yi wa maigida albishir cewa uwargida ta karɓi amarya ba tare da rigima ba.

Makonnin da suka biyo baya gidan ya zama dandalin Walƙiya. Mage kan yi barcin awa 12 zuwa 16 a rana, kuma ƙarfinta yakan taso ne da asuba da kuma faɗuwar rana, lokacin farautar kakanninta. To ita tata asubar ƙarfe 4 take farawa. Sai ka ji dididi daga wannan kusurwa zuwa waccan, a bi ta kan kujera, a bi ta kan cikin mutum, a haye labule har sama a rasa yadda za a sauko. Ta fasa kofi 2, ta kashe safa ba adadi, ta koyi buɗe durowa. Akun nan bai yi wata guda ba ya haddace muryata, ya riƙa ƙwala "Walƙiya, sauka!" ko tana barci. Shi dai na ɗauki matakinsa da wuri, don ranar da na same ta a saman kejinsa tana zura hannu na tuna cewa ƙwayoyin cutar da ke bakin mage da faratanta suna iya kashe tsuntsu ko da ɗan karce ne da ido bai gani sosai ba. Na mayar da kejin ɗakin da ake rufewa, magana ta ƙare.

Wayata ta cika da hotunan Walƙiya. Da na koma baya ina dubawa daga baya, a cikin hotunan mako 6 ɗin nan Toka ta fito sau biyu rak, duka biyun kuma a can nesa, a ƙarƙashin tebur.

Alamun duk suna gabana, ni ce ban karanta ba. Shekara 11 Toka tana kwana a ƙafafuna, sai ta daina, na ce ai zafi ake yi. Kwanonta kullum a share yake, na ce tana ci, ashe Walƙiya ce ke gama nata ta zo ta lashe na tsohuwa. Akwatin yashi guda ɗaya ne a gidan, a ƙarshen wani siririn lungu mai hanya ɗaya, kuma sau da yawa nakan ga Walƙiya ta laɓe a bakin lungun, gindi yana rawa, tana jiran Toka ta fito ta dira mata a baya. Dariya nake yi. Har bidiyo na ɗauka.

Sai aka fara samun fitsari a inda bai kamata ba. Kan darduman falo, cikin kwandon wanki, rannan kuma tsakiyar gadonmu. Ban ko yi shakka ba wajen yanke hukunci. Toka ba ta taɓa ɓata wuri ba tunda nake da ita, saboda haka baƙuwa ce. Maigida ya maimaita karin maganarsa, wannan karon ba da wasa ba, ni kuma na fara jin ya yi gaskiya. Na daka wa Walƙiya tsawa ranar da na cire zanen gado, ta tsaya tana kallona da manyan idanunta ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. A daren na nemo lambar cibiyar, na ce gari na wayewa zan kira su su karɓi abarsu.

Wajen ƙarfe 2 na dare na tashi zan shiga banɗaki. Ina kunna fitila na ga Toka a tsugune a kan farin tayil, bayanta a gantsare, tana yunƙuri. Ta ɗago ta dube ni, ta yi wani siririn kuka da ban taɓa ji daga bakinta ba. Da ta matsa, abin da ta bari bai fi ɗigo huɗu ko biyar ba, kuma launinsa ja-ja ne. Ta yi taku uku ta sake tsugunawa. Na durƙusa na ɗauke ta, sai na ji ƙashin bayanta a tafin hannuna, ɗaya bayan ɗaya kamar carbi. Gashinta da take gyarawa kullum ya cukurkuɗe a kwankwaso. Yaushe rabon da in ɗauke ta? Na lissafa na kasa tunawa. A nan ƙasan banɗakin na zauna da ita a cinya, hawaye yana zuba, har aka yi kiran sallah.

Akwai abin da na kusa yi a daren wanda har yau in na tuna gabana yakan faɗi. Na buɗe durowar magani na ɓallo farasitamol, na ce bari in ba ta kwata ta samu sauƙi kafin safiya. Allah ne ya taƙaita, ta ƙi buɗe baki, ni kuma ban da ƙarfin zuciyar matsa mata. Da safe tambayar farko da likitan dabbobi ya yi mini ita ce, "Hajiya, kun ba ta wani magani?" Da na gaya masa, ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol kamar tamu, ƙwaya ɗaya tana iya lalata jininta ta kashe ta.

Ya ɗora ta a sikeli: kilo 3.9. A katinta na bara 4.6 aka rubuta. Ya gwada fitsarin, ya duba jini, ya dadanna ciki da gaɓoɓi. Ya ce kumburin mafitsara ne, kuma babu ƙwayar cuta ko tsakuwa, irin wanda damuwa ke tayar wa maguna ne. Ya ce mun yi sa'a mace ce, don muzuru hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa gaba ɗaya, in ba a kai shi asibiti ba cikin kwana biyu zuwa uku sai a rasa shi. Ramar ma ta dame shi, saboda mage in ta yi kwanaki ba ta ci sosai, kitse yakan taru mata a hanta, wannan kuma wata cutar ce mai zaman kanta. Ga ciwon gaɓoɓi a ƙugu da ya gano, wanda da alama ta daɗe da shi.

Sai ya ja kujera ya zauna ya fara yi mini tambayoyi kamar alƙali. Me ya canza a gidan? Akwatin yashi nawa ne? A ina yake? Hanya nawa ce ta shiga wurin? A ina suke cin abinci? Kowace amsa na bayar sai in ji kunya ta ƙara rufe ni.

Na ce, "Amma likita, wallahi ba su taɓa faɗa ba."

Ya ce, "Ai faɗan maguna ba lalle a ji ƙararsa ba. Ɗaya ta zauna a bakin ƙofa ta zuba wa ɗaya ido, ya isa ya hana ta cin abinci. Ƙaramar ba mugunta take yi ba, wasa take nema. Amma ku duba, mai wata 6 kamar yaro ne ɗan shekara 10, mai shekara 11 kuwa ta kai dattijuwa 'yar 60. Ku ce an kawo wa mai ciwon gwiwa yaron da zai riƙa dira mata a baya duk lokacin da ta fito daga bayi, dare da rana, ba ta da ɗakin da za ta rufe."

Ya ƙara da abin da ya zauna mini a rai. Magen gida jikar magen dajin Afirka ce, wadda ita kaɗai take farauta, ita kaɗai take tsare yankinta. Kusan shekara 10,000 ke nan suna zaune da mutane, amma wannan ɗabi'ar ba ta bar su ba. Dabbar da ba ta da garke ba ta nuna rauni, don wanda zai gani ba mai taimako ba ne. Kare in ƙaya ta soke shi duk unguwa sai ta ji. Mage sai dai ta janye jiki ta yi shiru. Abin da na kira kishi, har nake zolaya da shi, a wurin Toka ƙasa ce aka ƙwace mata: hanyar ruwa, hanyar abinci, hanyar bayi, da ƙafafun da take kwana a kai.

Ban kira cibiyar ba. Mun koma farko, wurin da na tsallake.

Walƙiya ta koma ɗakinta. Ta yi kuka, 'yata ta yi fushi, na toshe kunne. Toka ta sha maganin ciwon da likita ya rubuta, na mayar da ita kan abinci mai ruwa-ruwa don ta riƙa samun ruwa a jiki, na ajiye kwanonin ruwa a wurare uku. Akwatin yashi ya zama 3, don ƙa'idar ita ce kowace mage da nata sannan a ƙara ɗaya, kuma ba a jere su wuri guda ba, in ba haka ba mai tsare hanya ɗaya ta tsare duka. Na Toka na zaɓo mai gajeren baki saboda ƙugunta. Wuraren da aka yi fitsari na wanke su da maganin da ke cinye warin gaba ɗaya, don hancinta yana jin abin da nawa ba ya ji.

Aikin wari shi ne ya fi ba ni mamaki. Mage tana da wasu ƙananan maɓuɓɓugan ƙamshi a kumatu da haɓa, shi ya sa take goga fuska a ƙafar kujera da ƙafar mutum, tana sa hannu ne a kan kayanta. Kowace safiya sai in ɗauki tsohuwar safa in shafa kumatun Walƙiya, in kai kusa da inda Toka ke kwance in ajiye, in yi haka da wata safar daga Toka zuwa Walƙiya. Ranar farko Toka ta sansana, ta yi wa safar huci, ta bar wurin. Rana ta shida ta sansana, ta buɗe baki kaɗan ta tsaya kamar mai tunani, wato tana kai warin wata gaɓa da ke saman bakinta, sannan ta ci gaba da lasar hannunta. Ranar na ji kamar an ba ni kyauta. Daga nan na fara ba su abinci a lokaci ɗaya, ƙofa a tsakani, kwanon Toka da nisan taku biyar, kullum ina matso da shi kaɗan. Ranar da na yi garaje na kai shi jikin ƙofa ta ƙi ci, na mayar da shi baya. Sai musayar ɗaki na awa guda, sai buɗe ƙofa faɗin yatsa biyu, sai raga. Mako 7 muka ɗauka, mu da muka kasa haƙurin mako 2.

Ɗaya rabin aikin kuma na Walƙiya ne, don ita ma an zalunce ta ta wata fuskar. Jikinta cike yake da farauta, ba wanda ya ba ta abin farauta sai tsohuwa mai ciwon ƙugu. Na samo sanda mai igiya da gashin tsuntsu a baki. Minti 15 da yamma, minti 15 kafin a kwanta. Da farko ban iya ba, ina kaɗa mata shi a fuska, ta dube ni kamar na raina mata hankali. Ashe abin farauta gudu yake yi daga maharbi, ba ya zuwa wurinsa. Sai ka ja shi a ƙasa, ya laɓe bayan ƙafar kujera, ya leƙo, ya tsaya cak. A nan za ka ga ƙwayar idonta ta buɗe ta cika ido, haɓa ta taɓa ƙasa, kafaɗu suna motsi, sai wuf! Dole kuma a bar ta ta kama a ƙarshe, a bi da abinci. Ta ci, ta yi wanka da harshe, ta mimmiƙe. Gudun ƙarfe 4 ya koma ƙarfe 6. In an gama nakan kulle sandar a durowa, don harshen mage yana da ƙayoyi masu kallon ciki, zare in ya shiga ba ta iya tofarwa, haɗiye shi take yi, ya je ya tattare hanji.

Sauran ƙarfin da ya rage Barde ne ke shanye shi. Har yau in na leƙa baranda da hantsi nakan gan ta maƙale a wuyansa, shi yana tafiya da ita kamar bai san da kaya ba. Abu guda nake kiyayewa: wasu magungunan kaska da ƙuma na karnuka suna da sinadarin permethrin, guba ce ga mage ko da ta goga jiki ne ta lasa, don haka sai da na sa likita ya canza masa wani.

Yanzu shekara guda ke nan da 'yan watanni. Ba zan ce sun zama ƙawaye ba. Ba sa lasar juna, ba sa kwana a manne, kuma na daina sa rai. Suna wuce juna a lungu, wani lokaci hanci ya taɓa hanci. In Walƙiya ta manta kanta ta taho da tsallen gefe, Toka ba ta gudu, takan ɗaga hannu ɗaya ta riƙe shi a sama, yarinyar sai ta ja birki ta zauna ta shiga lasar ƙirji kamar dama abin da ya kawo ta ke nan. Toka ta koma kilo 4.4. Na sa mata ɗan akwati a gefen gado ya zama matakala, ta dawo ƙafafuna. Kowane daren Lahadi nakan shafa bayanta da tafin hannu daga wuya zuwa jela, ina ƙirga abin da nake ji.

Mai karin magana kuwa, shi ne ya gaje sandar. Wai motsa wuyan hannu yake yi saboda yawan rubutu. Daren jiya yana zaune a ƙasa yana jan gashin tsuntsun, Walƙiya ta gaji ta baje tana haki, aku yana can ciki yana ba ta umarnin sauka. Gashin ya zo wucewa ta gaban kujerar da Toka ke kwance, ido a lumshe. Rabon da in ga ta yi wasa na manta shekarun. Sai ga hannu mai launin toka ya sauko a hankali, ya danne gashin a ƙasa.

"Kin gani?" in ji maigida cikin raɗa, ko motsi bai yi ba.

Ta riƙe shi na ɗan lokaci, ta sake shi, ta juya mana baya ta ci gaba da barcinta.